Ranar da Na Cire Sukari Daga Maganar Diktora

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na gama sakandare ba. Ba don sakamakon jarrabawa ba, wannan ya zo ya wuce. Abin da ya sa ta zauna mini a rai shi ne a cikinta ne na miƙe gaban matan unguwarmu na gyara wa likita magana, da Hausa mai kyau kuwa.

A Mayo muke, kudu da Khartoum. Soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuma abu na farko da gidanmu ya fahimta game da sabuwar gwamnati shi ne sukari ya koma sai da kati. Kowane gida da rabonsa. A je taga a yi layi, a dawo da ɗan abin da ba ya kaiwa rabo na gaba. Inna ta zuba namu a gwangwanin madara, ta ɗaure murfin da tsumma, ta tura ƙarƙashin gadonta. Wanda ya san yadda ake shan shayi a Sudan ya san wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce.

Ni kuwa abu biyu nake taƙama da su a lokacin. Na farko Hausata. Tsarana in sun fara magana da Hausa sai su ƙarasa ta da Larabci. Ni na tashi ne kusa da rediyon Baba, wanda tun yana aikin auduga a Gezira ba ya bari labaran Hausa da ake watsowa daga nesa su wuce shi. Can na kwaso "a halin da ake ciki" da "bugu da ƙari" da "majiya mai tushe". (Na taɓa gaya wa Inna cewa majiya mai tushe ta tabbatar mini an sauke tuwo. Ta ce in gaya wa majiyar ta zo ta wanke kwanuka.)

Na biyu ilmin halittu, musamman wani babi guda. Malaminmu ya koya mana cewa jikin kowane mai rai ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka yi shi, kuma kowace ƙwaya tana naɗe cikin wata fata siririya da littafinmu na Larabci ke kira ghisha. Wata rana ya zo da dankali, ya rarake cikinsa, ya zuba gishiri a ramin, ya ajiye. Kafin a tashi darasi ramin ya cika da ruwa. Ya ce ruwa yana ratsa wannan fata ne daga inda abu ya tsinke zuwa inda ya yi kauri, wato inda gishiri ko sukari ya fi yawa, can ruwa ke nufa. Sunan abin usmuziyya. Na kamu da son wannan kalma. Na dawo gida ina bayyana komai da ita. Na yi wa Inna bayanin dalilin da gurji ke zubar da ruwa in an barbaɗa masa gishiri, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce in miƙo mata wuƙa.

A daminar nan ruwa ya kwanta a lungunan Mayo, ya ƙi tafiya. Ƙudaje suka yi yawa, gudawa ta shiga yara. Cikin waɗanda ta kama har da Sa'adiyya, 'yar yayata Hawwa, yarinyar da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Fakitin maganin da ake damawa a ba yara ya ƙare a ɗakin shan maganin unguwa, babban asibiti kuma ba kusa yake ba.

A nan Diktora Nafisa ta shigo labarin. Likita ce a wani asibiti wajen Soba, gidansu kuma a Omdurman. Ranar hutunta take hawo motocin haya, ta tsallako kogi, ta ratsa Khartoum, ta sauka inda kwalta ta ƙare ta ƙaraso da ƙafa, don ta zauna da mata ta yi musu bayani. Ba wanda ya aiko ta. A shekarun nan ba a taro sai da izini, saboda haka shugaban lijna, wato kwamitin unguwa, shi ke zuwa ya zauna kan kujera ɗaya tilo da ke rumfar da ake taron. Shi ne mai raba katin sukari, shi ke sa hannu a takardar shaidar zama. Ba Bahaushe ba ne, kuma yawanci gyangyaɗi yake yi.

Matanmu duk suna jin Larabcin kasuwa, amma Larabcin asibiti wani abu ne daban, ga shi kuma tsofaffi ba sa yarda da magana sai ta zo musu da Hausa. Aka nemi tafinta. Liman ya ce ga ɗan gidan mai rediyo. Tun daga ranar mata suka fara kirana Ustaz, ni kuma ban hana su ba.

Zuwanta na farko da na biyu lafiya lau aka yi. Ta yi maganar tafasa ruwa, rufe abinci, wanke hannu. Ta faɗa, in juya. Sai dai da na ga ba ta ko ƙyafta ido in ina Hausa, na fara ƙara gishiri na kaina. Tana zuwa ne cikin farin tob, mayafin matan Sudan, irin na ma'aikata, doguwa, siririya, kuma in za ta ratsa taɓo sai ta ɗage shi kaɗan, ta ɗaga ƙafa sama, ta zaɓi inda za ta taka. Na sa mata suna Balbela. In ta iso sai in ce wa mata, "Balbela ta sauka, a gyara zama." Su yi dariya. Ita kuma ta yi murmushin wanda bai san abin da ake wa dariya ba, ta buɗe jakarta. Na ɗauka Hausa a kunnenta kamar ruwan sama ne a kan kwano.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, an yi ruwa da asuba. Rumfa ta cika har waje. Inna na nan, Yaya Hawwa na zaune gaba da Sa'adiyya a cinya. Yarinyar ta kwana biyu ba ta riƙe komai a ciki, idanunta sun faɗa, tana kuka ba hawaye. Diktora ta dube ta tun kafin ta zauna, sai ta ce yau za ta koya wa kowa yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida, tunda fakiti babu. Na san abin da wannan ke nufi. Duk abin da ya fito daga bakina da Hausa, shi za a dama a gidajen Mayo da yamma, kuma shi Yaya Hawwa za ta ba 'yarta.

Diktora ta faɗi awon a hankali: ruwan da aka tafasa ya huce lita ɗaya, gishiri rabin ƙaramin cokali, sukari ƙananan cokula shida, a shafe kansu kada su yi tozo. Ta ɗaga yatsu shida. Sannan ta durƙusa gaban Yaya Hawwa ta fara duba yarinyar, ta bar ni da jama'a.

A ɗan wannan tsakanin ƙwaƙwalwata ta yi lissafi. Gishiri na gane, jiki yana zubar da shi, dole a mayar, kuma kaɗan ne. Amma sukari cokali shida? In aka zuba wannan a hanjin yaro, ai hanjin ya zama ramin dankalin malaminmu. Ruwa zai baro jiki ya taru inda sukarin yake, gudawa ta ƙaru. Na ga abin fili ƙarara. Na kuma yanke hukunci cewa likitoci suna sa sukarin ne kawai don yaro ya yarda ya sha. Sai na juya maganar ruwa, na juya ta gishiri, na tsallake ta sukari.

Hajja Kaltume ce ta tare ni. Tsohuwa ce mai sayar da shayi a bakin tasha, ba wanda ya kai ta sanin darajar cokalin sukari.

"Ustaz, mun ji ta ce sukkar, har da yatsu. Kai kuma ka wuce shi kamar wanda ka ci bashinsa."

Da mai hankali ne da a nan ya ce ya manta. Ni gyara tsayuwa na yi.

"Iyayena mata," na ce, "a halin da ake ciki, batun sukari yana buƙatar ƙarin haske."

Na ba su ƙarin hasken. Na kawo gurji da gishiri, na kawo kankana da aka barbaɗa wa sukari ta yi ruwa. Da na zo kan ghisha na rasa Hausarsa, sai na ce bango. Na ce kowace ƙwayar jiki tana da bango, ruwa kawai ke ratsa shi, kuma sukari yana jan ruwa waje. Bugu da ƙari, na ce, sukarin nan don ɗanɗano ne, wadda ba ta da shi kada ta damu, wadda ke da shi ma gara ta bar shi a shayi.

Ban taɓa ganin magana ta shiga mutane kamar wannan ba. Rumfa ta ɗauki guna-gunin jin daɗi. Wata ta ce Allah ya yi mini albarka, wata ta ce dama ita ta yi mamaki, yaro na zawo a ba shi zaƙi. Yaya Hawwa, wadda na san rabonta na sukari ya riga ya ƙare, ta dube ni da irin kallon da ake wa ƙanen da karatunsa ya fara amfani. Na ji kaina ya yi girma har yana taɓa rufin rumfa.

Diktora ba ta ɗago ba. Tana riƙe da fatar cikin Sa'adiyya tsakanin yatsu biyu, ta saki, fatar ta ƙi komawa da wuri. Ta ce mini da Larabci fassarar ta fi maganar tsawo. Na ce sharhi nake yi. Ta tambaya ko na faɗi cokali shida. Na ce ai sun ga yatsunta. Sannan na juya ga mata, na rage murya kamar mai faɗin sirri, na ce:

"Ku yi mata uzuri. Balbela ta yi karatu, amma ranar da aka yi wannan babin ba ta je makaranta ba."

Aka yi 'yar dariya. Diktora ta gyara wa yarinyar riga, ta miƙe. Na ga ta dubi shugaban lijna, kallo ɗaya gajere, wanda sai daga baya na gane nauyinsa. Sannan ta dube ni.

"Yaro, mi kac ce ma su?"

Hausa ce. Ba irin tawa ta rediyo ba, tsohuwar Hausa ce ta mutanen yamma, irin wadda nake ji a bakin tsofaffin da iyayensu suka taho hajji da ƙafa. Ni kuma, don ruɗewa, sai na ba ta amsa da Larabci.

"Da Hausa nit tambaye ka," ta ce.

Abin da ke yawo a kaina ba sukari ba ne. Lissafi nake na sau nawa na ce Balbela a gabanta, da ranar da na kwaikwayi tafiyarta a bayanta, da ranar da na ce wa Hajja Kaltume in an ba ni ita ba zan ƙi ba. (Wannan na ƙarshen ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, ko da yake mata kusan rumfa guda sun ji shi.)

Ba ta tsaya a kaina ba, kuma wannan ne abu na farko da ya burge ni. Ta juya ga mata, ta nemi gafara cewa Hausarta ta kaka ce, a kicin ta koye ta, in ta yi tuntuɓe su ɗaga ta. Sauran maganarta zan kawo ta da Hausar da na iya.

Ta fara da bangona. Ta ce abin da Ustaz ya kira bango, kakarta tantani take ce masa, irin wanda ake gani a cikin ɓawon ƙwai, ko tsakanin zoben albasa. Bango ba ya zaɓe, duk abin da ya zo ya tare shi. Tantani kuwa yana da ƙofofi, kuma kowace ƙofa ta san baƙonta. Wani abu ya wuce kai tsaye, kamar iskar da muke shaƙa. Wani sai an buɗe masa. Wani kuma sai an tura shi da ƙarfi.

Sannan ta yi abin da ban zata ba. Ta ce abin da Ustaz ya karanta gaskiya ne: ruwa yana bin inda gishiri ko sukari ya fi yawa. In aka cika sukari a wannan haɗin, ko aka ba yaro lemon kwalba, lallai zai ja ruwa zuwa hanji, zawo ya ƙaru. Shi ya sa ta ce a shafe kan cokali. Sai ta ce, amma Ustaz ya rufe littafin da wuri, akwai shafi na gaba.

Ta ce yaro mai gudawa ruwa yake nema, amma ruwa ba ya shiga jiki sosai sai gishiri ya shiga ya ja shi. Ciwon kuma yakan lalata yawancin hanyoyin da gishiri ke bi. Sai dai a tantanin ƙwayoyin hanji akwai wata ƙofa da ciwon ba ya rufewa, ita kuwa tana da sharaɗi: ba ta buɗe wa gishiri shi kaɗai, ba ta buɗe wa sukari shi kaɗai, sai sun zo tare.

Hajja Kaltume ta ce ita ba ta gane ba, wace irin ƙofa ce wannan mai fi'ili.

"Hajja, in kin je tagar sukari ba kati, ana ba ki?"

"Ko kallona ba a yi."

"In kin aika katin shi kaɗai?"

"Ya tafi ke nan."

"To, haka ƙofar take. Mutum da katinsa."

Rumfa ta fashe da dariya, wannan karon ba Diktora ake yi wa ba. Dariyar ce ta tashi shugaban lijna daga gyangyaɗi.

Diktora ta ci gaba. Ta ce da gishiri ya shiga ƙwayar, a bayanta akwai wani abu kamar babur. (Babur a wajenmu injin ban ruwa ne, ba abin hawa ba, kuma duk wadda ta yi zaman Gezira ta san ƙararsa.) Ta ce kamar yadda babur ke cin mai ya ɗaga ruwa zuwa inda ba zai hau da kansa ba, haka wannan ke cin ƙarfin jiki ya tura gishiri waje ta baya, zuwa wajen jini, ko da can gishirin ya fi yawa. Saboda yana kwashewa kullum, ƙofar gaba ba ta daina karɓa. Gishiri ya shiga da sukari, ya fita ta baya, ruwa ya biyo sawunsa. A nan ta dube ni ta ce ruwan yana bi ne da dokar nan da nake so, usmuziyya, sai dai yanzu cikin jiki take kai shi, ba waje ba.

Na tsaya ina saurare, kunya na cina, amma wani sashe na zuciyata yana tafi. Malaminmu ya yi mana wannan babin da alli da zane, ban gane ba, na haddace na wuce. Ita ta yi shi a tsaye cikin taɓo, da Hausar kicin, ta yi tuntuɓe a kalma biyu ko uku mata suka miƙa mata, kuma ba wadda ta bar rumfar ba ta san dalilin sukarin ba. Ta ƙara da cewa a ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, a ci gaba da ba shi nono, in ya ƙi sha ko ya yi laushi a nufi asibiti, kuma duk ranar da fakiti ya dawo shi ya fi.

Shugaban lijna ya gyara rawani, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce da Larabci, a hankali, ashe Diktora ita ma daga cikinsu take. Kowa a rumfar ya san me "cikinsu" ke nufi. A shekarun nan mutum yana iya zama an haifi kakansa a Omdurman, amma in aka ji asalinsa daga yamma ne, sai a fara tambayarsa takardar ɗan ƙasa, a wurin aiki kuma a riƙa yi masa wani kallo. Mutane da yawa sun bar Hausa a cikin gida saboda haka, ba na kuma ganin laifinsu.

Ta ce masa, "Na'am." Kalma ɗaya. Sannan ta tambayi mata, da Hausa, wa ke da sukari a kusa.

Ba wadda ta motsa. Sai Inna ta yi magana, karo na farko tun da aka fara.

"Ustaz, ƙarƙashin gadona. Ka san wurin, tunda ba yau ka fara zuwa ba."

Gidanmu ana hango shi daga rumfar, amma tsakani akwai fili da ruwa ya mayar kwata. Zuwa na yi shi da sauri, don ina son in ɓace. Dawowa ce matsala. Gwangwanin sukarin gida guda na hannuna, santsi a ƙasa, in na faɗi da shi gara in wuce Gezira kai tsaye. Sai na rungume shi a ƙirji, na tattare farar jallabiyata da ɗaya hannun, na ɗaga ƙafa sama, na zaɓi inda zan taka, na sake ɗaga ɗayar. Ban san yadda nake ba sai da na ji muryar Hajja Kaltume ta ratso filin:

"Ku gyara zama, namijin ya sauka."

Ban taɓa jin mata sun yi dariya irin ta ranar ba. Har Yaya Hawwa, da 'yarta a hannu ba lafiya, sai da ta rufe baki da mayafi. Diktora kaɗai ce ba ta yi ba. Ta karɓi gwangwanin, ta miƙo mini cokali, ta ce ni zan auna, in kuma ƙirga da ƙarfi, da Hausar rediyo, kowa ya ji. Na ƙirga. Ina auna wa, tana shafe kan kowane cokali da yatsa. Ta dama, ta ɗanɗana, ta ba Hajja Kaltume ta ɗanɗana, sannan ta zauna a tabarma ta ɗauki Sa'adiyya ta fara ɗiga mata a baki. Farin tob ɗin nan da take ta karewa daga taɓo, yarinyar ta ɓata shi kafin a jima. Ko dubawa ba ta yi ba. Ba ta tafi ba sai da ta ga Yaya Hawwa ta iya, ta kuma sa aka raba sauran sukarin gidanmu ga masu yara marasa lafiya, da izinin Inna, wadda ta ce daga rabona za a cire.

Washegari da rana Sa'adiyya ta jiƙa zanen uwarta da fitsari, Yaya Hawwa ta fito tsakar gida tana nuna wa kowa kamar an ba ta kyauta. Da yamma yarinyar ta yi kuka da hawaye. Ni kuwa na sha shayi ba sukari har rabo na gaba ya zo, kuma kowace safiya Inna kan miƙo mini kofin ta ce ta kiyaye mini ruwan jikina.

Da yarinyar ta miƙe, Inna ta ƙulla kuka da daddawa ta ce in kai wa kakar Diktora a Omdurman. Na roƙa a aiki wani, ta ce wanda ya auna sukari shi zai kai godiya. Na sami gidan a wani tsohon lungu. Kakar na zaune kan gado a inuwa, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Da na yi sallama ta ce, "Kai ne ɗan Mayo mai hana sukari?" Ta sa aka kawo mini shayi, ta tambaya ko a zuba ko akwai fatawa.

Diktora ta fito, ba jaka ba farin tob. Na fara jero ban haƙurin da na shirya tun a mota, ta katse ni. Ta ce Balbela ta ji sunanta tun ranar farko, ya kuma yi mata, shi ya sa ta bar shi. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa nuna tana ji ba. Ta ce Hausa tana shiga kunnenta kullum, fitar da ita ce ke da tsada, kuma ba ta ga abin da ya kai a biya ba sai ranar. Na tambaya ko maganar ta kai wurin aikinta. Ta ce ta riga ta isa. Ba ta ƙara komai a kai ba, sai ta shiga ciki ta fito da wani tsohon littafinta, ta buɗe mini shafin da na tsallake, ta ce in karanta in dawo mata da shi, kuma in zo ranar hutu mai zuwa, don har yanzu tana buƙatar tafinta. Sharaɗinta ɗaya: in na ga kamar ta yi kuskure, ita zan fara gaya wa, da kowane harshe na ga dama.

Na koma, na kuma yi mata tafinta har damina ta wuce. Abin da na koya bai da yawa. In babi ya yi mini daɗi, ina duba ko akwai shafi a bayansa kafin in tara jama'a. Kuma na daina ɗaukar kunnen kowa a matsayin bango, ko da fuskarsa ba ta motsa ba.

Sunan dai a kaina ya zauna. Ita ta ci gaba da zama Diktora, ni na zama Balbela, har yaran da ba a haifa ba a lokacin suka tashi suna kirana da shi ba su san dalili ba. Sa'adiyya ta girma ta yi nata gidan, an kuma ba ta labarin fiye da yadda ya kamata. Duk sanda na je wajenta ta kawo shayi, sai ta tsaya da cokali a sama ta ce, "Kawu, in zuba, ko zai ja maka ruwa?"

Nakan ce ta zuba. Ta shafe kan cokalin.